Yadda Ake Shirya Kirsimeti a Birnin Rum

Kirsimeti a Rum, babban birnin Italiya, bikin cikin gida ne. Daga yammacin 24 ga Disamba mutanen gari ke janyewa zuwa gidajen iyaye da kakanni, kuma ba a sake ganinsu sosai a titi sai 26 ga wata. Kantuna kan rufe, motocin haya su ragu, gidajen tarihi su sa kwaɗo. Baƙon da ya sauka ba shiri yana iya tsintar kansa da ƙarfe goma na dare a bakin titi, ga yunwa ga sanyi, babu bas babu tasi. Saboda haka tsarin tafiyar daga nan yake farawa: ka zauna ka rubuta inda za ka kasance, abin da za ka ci, da yadda za ka koma masauki a ranakun 24, 25 da 26. Sauran ranakun ba su da wuyar sha'ani.

Wahalar ta cancanta. Rubutacciyar shaida mafi daɗewa da ta nuna an yi bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba daga wannan birni ta fito, a shekarar 336. Majami'un da za ka shiga wasu sun haura shekara 1,500 ana sujada a cikinsu.

Biza da takardu

Italiya na cikin ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya. Idan fasfonka na buƙatar biza, doka ta ba ka damar nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ba a karɓar takarda idan saura ƙasa da kwana 15. Kada ka dogara da wannan kwana 15 ɗin. Ana iya ɗaukar har kwana 45 kafin a ba da amsa, ga kuma layin samun ranar ganawa da ke tsawo a ƙarshen shekara. Wanda ke son Kirsimeti a Rum ya shigar da takardunsa a Satumba, in ya makara a farkon Oktoba.

Kuɗin biza na babba yuro 90 ne tun Yunin 2024. Fasfo ya kasance an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar fitarka da aƙalla wata uku. Inshorar lafiya ta kai yuro 30,000 kuma ta shafi dukkan ƙasashen Schengen, daga ranar sauka zuwa ranar tashi. Ɗaya daga abubuwan da ke jawo a ƙi mutum shi ne takardu su saɓa wa juna: otal ya nuna kwana biyar, tikitin jirgi ya nuna tara, inshora ta tsaya a bakwai. Ka shimfiɗa su a tebur ka duba kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙe kwafinsu a jakar hannu, domin jami'in kan iyaka yana da ikon sake tambayarsu ko da biza na cikin fasfo.

Masauki: inda ƙafa za ta kai ka

Wannan ne babban abin da zai gyara maka tafiya ko ya ɓata ta. Kamfanin ATAC, mai kula da bas da taragu da jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya saba tsayar da aiki da ƙarfe tara na daren 24 ga Disamba. Ranar 25 kuma yakan yi aiki daga takwas da rabi na safe zuwa ɗaya na rana, ya tsaya, ya dawo daga huɗu da rabi zuwa tara na dare. Yakan fitar da jadawalin shekarar 'yan kwanaki kafin biki, sai ka duba shafinsa. Ma'anar wannan ita ce, a lokutan da ka fi buƙatar abin hawa, babu shi.

Don haka ka kama ɗaki inda za ka iya takawa. Daga unguwannin Borgo da Prati zuwa dandalin Waliyyi Bitrus da ke Vatican, mazaunin Paparoma, minti biyar ne zuwa goma sha biyar. Daga Piazza Navona ko Campo de' Fiori kimanin minti ashirin. Daga Trastevere rabin sa'a, ta bakin kogin Tiber. Wajen Termini, babbar tashar jirgin ƙasa, ɗakuna sun fi araha, amma tafiyar ta kai kilomita huɗu, kusan sa'a guda a ƙafa cikin dare. Abin da ka rage a kuɗin ɗaki zai tafi a tasi, in ma ka samu tasin.

Kafin ka biya, ka aika wa masaukin tambaya uku a rubuce. Akwai mai karɓar baƙi a daren 24 da ranar 25? Ƙananan masaukai da yawa iyali ke tafiyar da su, kuma su ma suna biki. Akwai na'urar hawa bene? Tsoffin gine-ginen tsakiyar gari da dama ba su da ita, ɗaki a hawa na huɗu da akwati biyu ba wasa ba ne. Sannan, kai ne ke kunna na'urar ɗumama ɗaki ko ta gini gaba ɗaya ce? A Italiya doka ta ƙayyade sa'o'in da ake kunna ɗumamar gine-gine, kuma a gidajen haya sau da yawa tana mutuwa da dare, a bar ka da daɓen dutse mai sanyi.

Akwai harajin kwana da birnin ke karɓa, daga yuro 4 zuwa 10 ga kowane mutum a kowane dare gwargwadon darajar otal, kuma yawanci ba ya cikin kuɗin da ka biya ta intanet. Za a kuma nemi fasfonka a rubuta, doka ce.

Tikitin sujadar dare a Vatican

Sujadar daren Kirsimeti da Paparoma ke jagoranta a Majami'ar Waliyyi Bitrus tana buƙatar tikiti, kuma tikitin kyauta ne. Duk wanda ya ce zai sayar maka, ka rabu da shi. Ofishin da ke bayarwa shi ne Prefettura della Casa Pontificia, mai kula da al'amuran fadar Paparoma, kuma ana nema ta shafinsa na intanet. Za ka rubuta ranar sujadar, yawan tikitin da kake so, cikakken suna, da adireshin da za a same ka. Masu nema sun ninka kujeru sau da yawa, saboda haka ka aika wata biyu zuwa uku kafin lokaci, kuma ka nemi daidai yawan mutanenka. Tikiti biyu sun fi goma sauƙin samu.

Idan an amince, za a turo maka takarda mai lamba da ke faɗin ranar karɓa da wurin. An saba karɓa a Ƙofar Tagulla, ƙarƙashin rumfar ginshiƙai ta hannun dama idan kana fuskantar majami'ar, inda dogaran Suwizalan ke tsaye. Ka je da takardar da fasfonka. Idan jirginka zai sauka da yammacin 24, da wuya ka samu karɓa. Ka iso 22, in ya yi nisa 23.

Kada sunan sujadar tsakar dare ya ruɗe ka. An daɗe ba a yin ta da sha biyu. A 'yan shekarun nan an yi ta da bakwai da rabi, an yi da bakwai, an kuma yi da goma na dare, don haka lokacin da aka buga a tikitinka shi ne abin bi. Tikiti kuma ba kujera ba ce. Yana ba ka izinin shiga layi ne kawai, in ciki ya cika sai a rufe ƙofa. Ka isa sa'a uku kafin a fara, ko da haka za ka tarar da mutane a gabanka, domin in wani ya yi sammako wani a tafe ya kwana. Ana bincike irin na filin jirgi: ba a shiga da wuƙa, almakashi, kwalabar gilashi ko babbar jaka. Ka ci abinci, ka kewaya kafin ka shiga layi, saboda daga tsayuwa zuwa fita za ka iya kwashe sa'a biyar.

Wanda bai samu tikiti ba bai yi asara ba. Ana kafa manyan allunan talabijin a dandalin, a bi sujadar daga waje, kusa da bishiyar Kirsimeti da siffar komin dabbobi da aka kwantar da jariri Almasihu a ciki, al'adar da Paparoma John Paul na Biyu ya fara a 1982. Sai dai a ganinmu, mai son sujada cikin natsuwa, musamman mai yara ko tsofaffi, ya fi dacewa ya nemi wata majami'a kusa da masaukinsa. Rum na da majami'u ɗaruruwa, kuma ba a neman tikiti a cikinsu. Mai son ji da Turanci, akwai St. Patrick's ta Katolika a Via Boncompagni, All Saints ta Angilikan a Via del Babuino, St. Paul's Within the Walls a Via Nazionale, da ta Metodis kusa da gadar Sant'Angelo. Kowacce na liƙa lokutan sujadarta a ƙofa da shafinta.

Ranar 24

Safiya ce ta aiki. Gidajen tarihin Vatican suna buɗewa amma suna rufewa da wuri, don haka in a ranar za ka je, ka sayi tikitin farkon safiya. Ita kanta Majami'ar Waliyyi Bitrus ana fitar da masu ziyara tun da rana don shirin dare.

Kafin ƙarfe huɗu ka shiga babban kanti ka yi cefanen kwana biyu: burodi, cuku, 'ya'yan itace, madara, ruwa, abincin jariri in akwai, da duk maganin da kake sha. Yawancin kantuna na rufewa wajen shida ko bakwai, kuma ba za su buɗe ba sai 26 ko 27. Idan ciwo ya taso a ranar biki, je ƙofar kowane kantin magani mai koren gicciye, za ka ga an liƙa sunan wanda ke kan aiki a unguwar. Lambar gaggawa 112.

Abincin daren jajibiri a Rum kifi ne, ba nama: soyayyen busasshen kifin baccalà, taliya da kayan teku, soyayyun ganyaye. Gidajen abinci da ke buɗewa a daren suna sa tsayayyen jerin abinci a kan tsayayyen farashi, sau da yawa ninkin na kullum, kuma ba a zama sai da kama wuri tun farkon Disamba. Ka tambayi farashin a rubuce, ka tambaya ko abin sha na ciki. Ga wani tarko da ke kama baƙi da yawa: idan ka ga an rubuta "all'etto" kusa da farashin kifi, kuɗin giram 100 ne, ba na faranti ba. Kifin da aka rubuta yuro 8 a gefensa, in ya kai giram 700, yuro 56 za ka biya. Ka ce a auna a gabanka a faɗa maka jimla kafin a kai shi wuta.

Ranar 25

Da sha biyun rana Paparoma ke fitowa barandar tsakiya ta majami'ar ya yi jawabi da albarkar Urbi et Orbi, ga birni da duniya. Ba a buƙatar tikiti. Ka isa wajen goma ko goma da rabi don wuce bincike. Idan kana son ganin barandar da kyau, ka tsaya tsakanin doguwar hasumiyar dutsen da ke tsakiyar dandalin da matakalar majami'ar.

Ana gamawa wajen sha biyu da rabi, sai dubban mutane su nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ottaviano lokaci guda, alhali jirgin ƙarshe na gab da tashi. Kada ka bi su. Ka miƙe ta Via della Conciliazione zuwa Castel Sant'Angelo, ka haye gadar nan mai mutum-mutumin mala'iku goma, ka bi Via dei Coronari har Piazza Navona. Nan ake kasuwar Kirsimeti da ke ci har 6 ga Janairu, da lilon yara da alawa da masu gasa 'ya'yan chestnut a kan garwashi, suna zuba su da zafinsu a cikin takarda da aka naɗe. Idan ka yi sa'a za ka haɗu da masu busa zampogna, salkar fata mai sarewa, sanye da kayan makiyaya, al'adar da ta gangaro daga duwatsun Abruzzo.

Wuraren tarihi irin su Colosseum, Pantheon, gidan zane-zane na Galleria Borghese da gidajen tarihin Vatican galibi a rufe suke. Abin da ke buɗe shi ne majami'u da tituna, kuma su ne suka fi dacewa da ranar. Kowace majami'a na da nata presepe, wato siffar wurin haihuwa da ƙananan mutum-mutumi. Wanda ya zagaya kafin 24 zai ga komin babu jariri, sai a daren ake sa shi. Uku sun cancanci a taka musu.

Santa Maria Maggiore, kusa da Termini, an gina ta ne a shekarun 430. Ƙarƙashin babban bagadinta akwai akwatin gilashi da azurfa mai ɗauke da guntayen katako da al'adar coci ta ce daga komin Baitalami suke, ga kuma siffofin dutse da Arnolfo di Cambio ya sassaƙa wajen 1291, cikin mafi daɗewa a duniya. A nan aka binne Paparoma Francis a Afrilun 2025, don haka layin bincike ya ƙaru.

Santa Maria in Aracoeli na kan tudun Campidoglio, sai ka hau matakala 124. A ciki akwai Santo Bambino, siffar jariri ta katako da yara ke aiko wa wasiƙu daga ƙasashe daban-daban. An sace ta asali a 1994, wadda ke nan kwafi ce. Idan gwiwa ba za ta ɗauki matakalar ba, ka hau ta gangaren dandalin da Michelangelo ya tsara, ka shiga ta ƙofar gefe.

Ta uku ita ce baje kolin 100 Presepi, ƙarƙashin rumfar ginshiƙai ta hagu a dandalin Waliyyi Bitrus, kyauta, daga farkon Disamba zuwa 6 ga Janairu.

A duk majami'a, kafaɗa da gwiwa a rufe, namiji ya cire hula, kuma idan ana sujada ba a yawo ana ɗaukar hoto. Ƙananan majami'u da yawa suna rufewa daga sha biyu da rabi zuwa uku ko huɗu na yamma.

Abincin rana na 25 shi ne babban cin shekara ga mutanen Rum: romo da taliya, gasasshen ɗan rago da dankali, sai kayan zaƙi, panettone ko pangiallo. In ba ka kama wuri ba, ka nufi tsohuwar unguwar Yahudawa kusa da Portico d'Ottavia, ko unguwar Esquilino da kewayen Piazza Vittorio, inda gidajen abincin mutanen Asiya da Afirka ke aiki. Ka lura, gidajen da ke bin dokar abincin Yahudawa suna rufewa daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar.

Wanda ba ya cin alade ya buɗe ido sosai. Taliyar carbonara, amatriciana da gricia duk da guanciale ake yin su, wato kumatun alade. Ka kiyaye kalmomin maiale, pancetta, prosciutto, da strutto, wanda kitsen alade ne da ake sawa a wasu burodi da kayan zaƙi. Cacio e pepe taliya ce da cuku da barkono kawai. Ana samun naman halal a Esquilino. Musulmin da tafiyar ta haɗa da Juma'a, Babban Masallacin Rum da aka buɗe a 1995 yana arewacin gari, ana hawa jirgin da ke tashi daga Piazzale Flaminio a sauka a Campi Sportivi.

Ranar 26 da bayanta

Ita ma hutu ce, ranar Waliyyi Istifanus. Gidajen tarihin Vatican na nan a rufe, amma Colosseum na buɗewa, kuma duk wanda ya rasa jiya yau zai zo, har da mutanen gari. Tikitinsa yuro 18 ne, ya haɗa da Foro Romano da tudun Palatino, ana fitar da shi kwana 30 kafin ranar, kuma da sunanka ake buga shi. Idan sunan bai yi daidai da na fasfo ba za a mayar da kai daga ƙofa. Ka saya a shafin hukumar wurin kai tsaye, domin shafukan 'yan tsakani na kama da shi amma suna ninka kuɗi. A hunturu ana rufewa da huɗu da rabi, shiga ta ƙarshe sa'a guda kafin nan. Galleria Borghese ba a shiga sai da kama lokaci, sa'a biyu ake ba kowa, kuma ba ta buɗewa Litinin.

Sanyi, ƙafa da aljihu

Da rana ma'aunin zafi kan kai 12 ko 13, da dare ya sauka 3 zuwa 5, ga ruwan sama a kai a kai. Rana na faɗuwa kafin biyar saura kwata. Sanyin mai laima ne, yana shiga jiki sosai idan an daɗe a tsaye. Ka sa kaya hawa uku: mai kama jiki a ciki, suwaita, sai babbar riga da ruwa ba ya ratsawa. Ka ƙara hular sanyi, safar hannu da ƙaramar lema. Titunan tsakiyar gari da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka shimfiɗa su, in sun jiƙe santsi suke, kuma suna cinye dunduniyar takalmi mai tsini da tayar akwati. Takalmi mai ƙasan roba, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, shi ne daidai. Ruwan famfunan ƙarfe da ke bakin titi, nasoni, na sha ne, ka riƙe gora. Ka toshe bakin famfon da yatsa, ruwan zai fito ta ƙaramar huda a sama.

Daga filin jirgin Fiumicino, jirgin Leonardo Express na kai ka Termini cikin minti 32 a kan yuro 14, kuma kafin sha biyun dare yake tsayawa. Tasi na hukuma fari ne mai lamba a ƙofa, kuɗinsa zuwa cikin tsohuwar ganuwar birni tsayayye ne, yuro 55. Kada ka bi wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa tasi. A cikin gari ba a saba tsayar da tasi da hannu ba, ana zuwa matsayarsu ne ko a kira ta manhajar itTaxi ko FreeNow.

Tikitin bas na takarda sai an cusa shi a na'ura ta buga masa lokaci da zarar an hau, yana aiki minti 100. Wanda ya saya bai buga ba daidai yake da wanda bai saya ba, tarar ta haura yuro 50, kuma masu duba ba sa karɓar uzurin baƙunta. Ana iya taɓa katin banki a na'urar, amma kowane mutum da nasa katin.

'Yan sane sun fi yawa a bas lamba 64 da 40, a layin A na jirgin ƙarƙashin ƙasa, da cikin turmutsutsun fita daga dandalin Vatican. Aikinsu a ƙofa ne, daidai lokacin da ake tura juna. Jaka ta dawo gaba, waya kada ta zauna a aljihun babbar riga, fasfo a aljihun ciki mai zik, kwafinsa kuma a masauki da cikin wayarka. Idan na'urar cire kuɗi ko ta kanti ta tambaye ka da wane kuɗi za a caje ka, zaɓi yuro, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na bankinka tsada. Ka ciri tsabar kuɗin da zai kai ka kwana uku tun 23 ga wata, lokacin da bankuna ke buɗe, saboda in na'ura ta haɗiye kati a daren 24 babu wanda zai ciro maka shi kafin 27.